Sankarar nono na kama maza su ma

Idan watan Oktoba ya kama, faɗakarwa kan sankarar nono kusan duk mata take nufa. Amma maza ma suna da ɗan naman nono a ƙarƙashin kan nonon, kuma ciwon yana iya tsirowa a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 masu wannan ciwo, maza ba su wuce 1 ba. Ƙarancin ne ke sa a yi sakaci. Namiji ya ji kullutu, sai ya ce maruru ne, ko kunya ta hana shi faɗa, har ciwon ya yi nisa.

Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60. Gado na da hannu: wanda uwarsa ko ƴar'uwarsa ta yi ciwon, ya dace ya sa ido. Ƙiba mai yawa da lalacewar hanta su ma suna ƙara haɗarin, domin suna ɗaga sinadarin mata na estrojin a jikin namiji.

Alamar farko galibi kullutu ne mai tauri a gefe guda, kuma ba ya ciwo. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Kan nono na iya shigewa ciki, ya fitar da jini, ko ya yi gyambon da ya ƙi warkewa. Wani lokaci kaluluwa ta fito a hammata. Kumburin nono da samari ke yi lokacin balaga wani abu ne daban, yawanci yakan baje da kansa.

A asibiti likita zai taɓa wurin, a ɗauki hoton nono ko a yi ekogarafi, sannan a ciri ɗan nama a kai ɗakin bincike. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ciwon. Tsagar wanzami ko ɗaura magani a kan kullutun ɓata lokaci ne kawai.

Magani yakan fara da tiyata, a cire naman nonon duka. Daga nan, gwargwadon inda ciwon ya kai, a yi ƙarin ruwan maganin kansa ko gashi da haske, wanda Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai ta fara yi a 2021. Yawancin maza kuma ana ba su ƙwayar tamoksifen, su sha kullum har aƙalla shekara 5. Wanda aka gano nasa tun bai bazu ba, yawanci yana warkewa.