Kwamfuta mai girman katin banki da abubuwan da ke kashe ta a Damagaram

Duk wanda ya taɓa kai katin memori wurin masu tura waƙoƙi da finafinai a kasuwar Dole ta Zinder, ya riga ya ga rabin aikin da ake yi kafin a tayar da Raspberry Pi. Kwamfuta ce cikakkiya da aka haɗa a kan falle ɗaya, girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba. Tana zuwa babu allo, babu madannai, babu linzami, kuma cikinta fayau. Sai an rubuta mata babbar manhajar da za ta tafiyar da ita a kan ɗan kati irin na wayar salula, sannan ta farka.

Wata gidauniya ce a birnin Kambirij na Ingila ta fito da ita a watan Fabrairun 2012, ƙarƙashin jagorancin injiniya Eben Upton, domin yara su samu na'urar da za su koyi rubuta manhaja ba tare da tsoron ɓata kwamfutar gida ba. Dala 35 aka sa mata a lokacin, wato wajen jika 20 na sefa. Samfuri na 4 ya fito a 2019, na 5 kuma a 2023, kuma farashin yana hawa gwargwadon ƙarfin wadda mutum ya zaɓa.

Manhajar da aka fi ɗora mata ita ce Raspberry Pi OS, wadda aka gina a kan Debian, ɗaya daga cikin rassan Linux da Linus Torvalds ya soma a 1991 yana ɗalibi a Finlan. Kyauta ce, kuma lasisinta ya halatta a kwafa, a raba, a gyara. Ga matashin da ya saba da kwafin Windows na bayan fage da ke damun sa da saƙon neman lasisi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Yadda ake ɗora ta

Ana bukatar wata kwamfutar ta daban na ɗan lokaci, ko da ta aro ce. A kanta ake sauke wata ƙaramar manhaja mai suna Raspberry Pi Imager, a zura katin, a zaɓi samfurin na'urar da irin manhajar da ake so, a sa suna da kalmar sirri, sannan a ba ta umarnin rubutawa. Duk abin da ke kan katin zai goge, don haka kada a ɗauko wanda hotunan biki ke ciki.

A nan ne aikin ya sha bamban da na masu tura waƙa. Kwafe fayil ɗin kawai zuwa cikin kati ba ya tayar da na'urar, dole sai an shimfiɗa shi a kan katin gaba ɗaya kamar yadda Imager ke yi. Nauyin saukewa ma abin dubawa ne: mai tebur da hotuna ta haura giga ɗaya, marar hotuna da ake kira Lite kuma wajen rabin giga ce. Sau ɗaya ake sauke ta, a ajiye a filas, a rubuta wa kati goma ko ɗari da ita. Idan an gama, sai a mayar da katin cikin na'urar, a jona ta da talabijin, a sa madannai, wuta ta zo a ƙarshe.

Kati, kuran da zafi

Littattafan koyarwa da aka rubuta a Turai nan suke tsayawa. A Zinder kuwa nan ne aikin yake somawa.

Katin jabu shi ne abokin gaba na farko. Akwai katunan da aka rubuta wa giga 64 a jiki alhali abin da ke ciki bai kai haka ba. A waya, illar ba ta wuce waƙa ta ƙi buɗewa ba. A kan Raspberry Pi, katin shi ne dukan ma'ajiyar kwamfutar, idan ya gaza komai ya tsaya. Imager na sake karanta abin da ta rubuta domin tantancewa, kuma gaggawar tsallake wannan mataki ba ta da riba. Akwai manhajoji irin su F3 da H2testw da ke tona asirin katin ƙarya kafin a wahala.

Sai kuran. Wani kaso na wutar yankin Zinder da Maraɗi daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mutanen gari ba su manta yadda aka kwana a duhu ba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar har zuwa Maris 2024. Ita na'urar ba ta da ci, aikinta na yau da kullum bai kai wat 10 ba, ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta. Abin da ba ta jurewa shi ne ɗaukewar wuta bagatatan tana tsakiyar rubutu a kan kati, domin hakan na iya lalata manhajar ta ƙi tashi. Cikin saitunanta akwai wanda ke kulle katin ya zama na karatu kaɗai, kuma ga na'urar da za a bari a makaranta, kunna shi ya fi komai muhimmanci. Cajar waya ta kasuwa ma takan yaudari mutum: samfuri na 4 na son bolt 5 da amfiya 3, idan bai samu ba sai ya riƙa nuna gargaɗi yana rage gudu.

Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a inuwa, shi ma yana da nasa. Idan ƙwaƙwalwar na'urar ta kai wajen digiri 80 takan rage ƙarfinta da kanta, don haka ɗan ƙarfen sanyaya ko fanka ba ado ba ne a nan. Fankar kuma tana zuƙo ƙurar hunturu, sai an riƙa kakkaɓewa.

Laburare ba tare da intanet ba

Me zai sa mutum ya sha wannan wahala? Amsa mafi ƙarfi ita ce Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka ƙirƙira a 2007, wadda ke ɗauke Wikipedia da wasu littattafai cikin fayil guda. Idan aka ɗora ta a kan Raspberry Pi, na'urar kan zama tashar wifi ta cikin ɗaki, ɗalibai su shiga da wayoyinsu su yi karatu ba tare da sayen data ba. Akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa, harshen da Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke haya a Garin Malam, ko malamin makarantar ƙauye a Mirriya, kowa na iya amfana da akwati ɗaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Nijar na cikin ƙasashen farko da gidauniyar Orange ta kai wa shirinta na makarantun zamani tun 2014, inda ake ba makaranta ƙaramar na'ura irin wannan tare da allunan hannu. Sai dai duk na'urar da aka kawo a shirye, ranar da katinta ya mutu za ta koma cikin kabad idan babu wanda ya iya rubuta sabo a kusa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Sahara ba, ya sa maƙera suna zuba masa igwa a cikin Birni. Masu gyaran waya na Zango da Sabon Gari, waɗanda ke sauya manhajar salula kullum, yini ɗaya ya ishe su su ƙware a wannan.

Ga 'yan uwa da ke Faransa, Aljeriya, Libiya ko Legas masu niyyar aiko da ita gida, allon kaɗai ba ya wadatarwa. A haɗo da cajarta ta asali, da kati biyu masu inganci, da wayar talabijin mai ƙaramin baki da samfuri na 4 da na 5 ke amfani da ita, domin ba kowane shago ke da ita ba. A sauke manhajar da fayilolin Kiwix tun a can inda intanet ke da araha, a zubo su a filas. Kati na biyu kuma a rubuta shi tun ranar farko, a gwada shi a gaban wanda zai kula da na'urar, sannan a nannaɗe shi a leda a manna a cikin murfin akwatin.