Albashi da Naira, Kuɗin Makaranta da Dala

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Kafin wannan, a 2020, an yi wani na kusan wata tara, ga kullen korona a kai. Yaron da ya shiga jami'ar tarayya a 2018 da lissafin fitowa a 2022 sai ga shi yana zaman kashe wando a gida, alhali abokinsa da suka gama sakandare tare, wanda aka tura Indiya ko Uganda, har ya dawo ya sa kakin bautar ƙasa. Mai son gane dalilin da ya sa gidajen da a da ko a mafarki ba sa kawo zancen karatu a waje yanzu suke sayar da fili don a tura yaro, daga nan ya kamata ya fara.

An fi cewa ingancin ilimi ake bi. Wannan gaskiya ne ga wanda ya sami gurbi a babbar jami'a a Ingila ko Jamus. Amma idan aka dubi inda akasarin 'ya'yan Arewa suke zuwa, maganar ba ta zauna ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero da ta Maiduguri sun fi da yawa daga cikin ƙananan makarantun kuɗin da ake tururuwa zuwa cikinsu gogaggun malamai da suna da asibitin koyarwa. Abin da uba yake saye da kuɗinsa shi ne tabbacin lokaci: an ce shekara huɗu, to shekara huɗun ce. Abin ya fi nauyi a kan 'ya mace, wadda dangi ke ƙirga mata shekaru, manemi kuma yana jiran ta karɓi kwali a sa rana.

Sai matsalar gurbi. Masu zana jarrabawar JAMB sun kai kusan miliyan biyu a shekara, kuma a fannin likitanci hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Yarinya ta ci maki mai kyau, ta nemi likitanci, sai a miƙa mata ilimin tsirrai a ce ta yi haƙuri. Ta sake zanawa baɗi, a sake yi mata haka. A karo na uku sai kawunta ya ce ai akwai wanda ya sani yana samo gurbi a Sudan. Gwamnatocin jihohi irin su Jigawa da Sakkwato ma sun bi wannan hanyar, saboda ƙarancin likitoci, musamman mata, a asibitocinsu. Sudan ta dace da hankalin iyaye: ƙasar Musulmi ce, akwai Hausawa zaunannu tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa, kuma Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartoum ta daɗe tana karɓar 'yan Najeriya da sauƙin kuɗi.

Fita neman ilimi kam ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu shekarar da ta biyo, Shehu Abubakar Gumi kuma ya yi karatu a Bakht er-Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Amma waɗancan 'yan tsiraru ne da hukuma ta zaɓa, ta ɗauki nauyinsu, aiki kuma yana jiransu. Abin da ya mayar da fitar ta zama burin ɗan talaka shi ne shirin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano daga 2011 zuwa 2015, wanda ya fara da ɗalibai 501 masu digiri mai daraja aka tura su ƙasashe daban-daban yin digiri na biyu. Unguwa ta ga ɗan mai faci ya hau jirgi ya dawo malamin jami'a. Daga nan kowa ya ga abin mai yiwuwa ne, har wanda ba gwamnatin da za ta biya masa.

A nan ne lissafin yake karyewa. Yawancin shirin da iyali ke yi a kan tafiyar yake ƙarewa: fasfo, takardar gurbi, biza, tikiti, sai jaka guda ta kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, an naɗe a leda uku-uku kada warin ya tona asiri a filin jirgi. Ranar da biza ta fito ana barka da arziki kamar an gama, alhali kuɗin shekara ɗaya kaɗai aka tanada, sauran uku ko biyar an bar wa Allah. Dogaro ga Allah wajibi ne, amma wanda yake karɓar albashi da naira ya ɗauki alkawarin biyan dala shekara shida, ya shiga wata caca da bai san ya shiga ba.

Watan Yunin 2023 ya nuna haka ƙarara. Kafin lokacin, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuma iyayen ɗalibai suna iya cike takardar da ake kira Fom A a banki su samu a wannan farashin, ko da za a ja musu rai na watanni. Da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, wannan rangwamen ya tafi, kuma zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. A ɗauki makarantar da ke karɓar dala 3,000 a shekara, wadda a cikin masu araha take. A da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da tamanin ne. A farkon 2024 ya koma miliyan huɗu da rabi. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, albashin uban yaro ma bai motsa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira dubu saba'in ne.

Wanda ya taɓa tsayawa a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a irin wannan lokacin ya san yadda abin yake a fuska. Dattijo ne da babbar riga, waya a hannu, ɗan canji yana danna kalkuleta yana juyo masa da ita. Ya kalli lambar, ya ce, "Alhaji, jiya fa ba haka ka ce min ba." Ɗan canji ya ce, "Wallahi Baba ta tashi da safen nan, in ka bari zuwa la'asar ma ban san inda za ta kai ba." A wayar kuwa saƙon yaron ne: an rufe masa shafin rajista, ba zai shiga jarrabawa ba sai an biya. Daga nan sai a koma kan adashen uwa, sai 'yan kunnen gwal, sai filin gado.

Ba a makarantun masu araha kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila ya cika kafafen labarai: sun kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, aka dakatar da su, wasu har aka ba su wa'adin barin ƙasar. Ingilar ma ta ƙara ƙunci a ƙofa. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na zaman aji ba shi da izinin tafiya da mata da 'ya'ya, kuɗin kula da lafiya da ake biya tare da biza ya koma fam 776 a shekara daga Fabrairu, Kanada kuma a Janairun ta sa iyaka ga yawan izinin karatu da take bayarwa. Ga magidancin Bahaushe da ya saba ganin digiri na biyu a matsayin hanyar fita da iyalinsa, wannan ya sauya komai. Sakamakonsa shi ne aka ƙara karkata zuwa inda ƙofa take a buɗe, kuma ƙofar da ta fi buɗuwa ba kullum ce ta fi aminci ba.

Sau biyu cikin wata goma sha huɗu yaƙi ya rutsa da ɗalibanmu. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, ɗaliban likitanci suka bi sanyi zuwa iyakokin Poland da Romaniya da Hungary. Ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma Khartoum ta kama da wuta, cikin azumi. Aka kwashe ɗalibai a motocin safa ta cikin hamada zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a zube kafin a bar su su wuce, wasu kuma aka bi da su ta Port Sudan. Sun dawo da ransu, alhamdulillahi. Wahalar da ba a cika faɗa ba ita ce wadda ta biyo baya. Ɗalibin da yake aji biyar ya fito da jaka ɗaya, ofishin da takardun sakamakonsa suke yana tsakiyar fagen daga. Da me zai shaida wa wata jami'a inda ya tsaya? Na Yukren da suka ci gaba da karatu ta intanet kuwa, MDCN ta sanar a 2022 cewa ba za ta karɓi digirin likitancin da aka yi ta wannan hanyar ba. Hukuncin ya yi zafi, amma da wuya a ce ba shi da hujja, tunda ba a koyon taɓa mara lafiya ta waya.

Wannan ya kawo mu ga kwalin kansa. Digirin waje ba ya aiki a Najeriya sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi, sannan a je bautar ƙasa. Likita kuma sai ya ci jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje, wadda ta sha kayar da ɗaruruwa a zama guda. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo gaba ɗaya. Wanda ya sayi kwali da wanda ya yi shekara huɗu yana karatu tsakani da Allah duk aka haɗa su a kwando guda. Arewacin Cyprus ma nasa salon daban: yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, Najeriya ba ta da jakada a can, kuma tun 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kansa. Ejan da ke samo gurbi ba zai faɗa maka wannan ba. Kamasho yake karɓa daga makarantar a kan kowane kai da ya kawo, don haka a bakinsa kowace makaranta "an san da ita a duniya", kuma "yaro zai samu aiki ya riƙe kansa". A ƙasashe da dama da ake turawa, irin su Indiya, bizar ɗalibi ba ta ba da izinin aiki ba sam.

Kada a ɗauka duk asara ce. Jami'o'in jihar Kano da na maƙwabta suna cike da malaman da suka yi digiri na biyu da na uku a Malesiya da Indiya da Turkiyya da Ingila, sun dawo da sanin ɗakin gwaje-gwaje da sabon salon bincike. Asibitocin jihohi da dama sun sami likitoci mata da ba don Sudan da Masar ba da babu su. Akwai kuma abin da ba ya cikin kwali: yaron da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba ya koyi riƙe kansa, ya zauna da mutanen da ba su san sallama ba ya gane su ma mutane ne. Sai dai ribar ba ta rabu daidai ba. Wanda ya tafi da cikakken tallafi, irin Chevening ko Commonwealth ko DAAD ta Jamus ko na gwamnatin Turkiyya ko na PTDF, shi ne ya fi dawowa da riba, domin kuɗinsa da kuɗin ƙasar da yake ake ba shi, faɗuwar naira ba ta taɓa cikinsa sosai. Kuma su ne waɗanda ƙasashen waje suka fi kwaɗayin riƙewa. Ke nan gwanayen su ne suka fi zama can, waɗanda kuɗi ya yanke musu kuma su dawo da rabin karatu.

Ita kanta gwamnati ta fara ja da baya. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga Janairun 2025, yana kafa hujja da tsadar canji da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Shirin musayar tallafi na BEA, wanda ya kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary, ya yi ta fama da jinkirin alawus na watanni har ɗaliban suka riƙa kokawa a bainar jama'a, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina tura sababbi. Tallafin jihohi kuwa da zaɓe yake tafiya. Gwamnan da ya tura ka ya sauka, magajinsa ya ce bai san zancen ba, makaranta ta riƙe takardarka sai an biya bashi. Ɗaliban Kano a Cyprus sun ga wannan na shekaru.

Abin da ya rage shi ne nauyin ya koma wuyan iyali, kuma iyali ba su da Babban Banki. A ganina gidan da ba zai iya ajiye kuɗin akalla shekara biyu da dala tun kafin tafiya ba, gara ya bar yaron ya yi digirin farko a gida, ko da yajin aiki zai ci masa shekara, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafin digiri na biyu, wanda shekara ɗaya ne ko biyu, haɗarinsa kuma gajere. Wanda ya ga lallai sai an tafi, to ya tambayi ma'aikatar ilimi da hukumar sana'ar da yaron zai yi game da makarantar kafin ya tambayi ejan, ya biya kuɗi kai tsaye cikin asusun jami'a, kuma ya sa yaron ya riƙa karɓar takardar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowane zango yana turo kwafinta gida.