Kwaɗon Girkawa da Kwaɗon Dutse: Aikin da Mai Yake Yi a Cikin Ɗanyen Ganye

Da zarar hunturu ya kama, kayan lambu sukan cika kasuwar Dutse da ta Shuwarin. Tumatir ne, albasa ce, ga gurji da karas da latas, waɗanda manoman rani suke ɗebowa daga fadamu da gefen madatsar ruwa ta Warwade. Lokacin ne kwaɗon salak yake yawaita a gidaje.

Mutanen ƙasar Girka ma suna da irin nasu kwaɗon, wanda suke kira horiyatiki, wato na ƙauye. Sukan yayyanka tumatir manya-manya da kokwamba da albasa da koren tattasai, su zuba 'ya'yan zaitun, su ɗora cukun feta da ake yi da nonon tumaki, sa'an nan su kwarara man zaitun. Ba sa sa latas. Uwargida a Dutse ba ta buƙatar ko ɗaya daga kayan da babu su a kasuwarta: dakakken ƙuli-ƙuli ya tsaya a madadin cuku, man gyaɗa kuma a madadin na zaitun.

Man nan ba don ɗanɗano kaɗai ake zuba shi ba. A cikin karas da koren ganye akwai sinadarin karotin, wanda jiki yake mayarwa bitamin A, shi ne kuwa mai kare ido daga dundumi, ya kuma taimaki yara wajen jure cututtuka irin su ƙyanda. To, karotin ba ya narkewa cikin ruwa, sai cikin mai. Idan aka ci ganye ba maiƙo, mafi yawansa yakan bi hanji ya wuce. A shekarar 2004 masana a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka suka buga sakamakon wani gwaji: waɗanda suka ci salak da mahaɗi marar mai, kusan ba a ga karotin ya ƙaru a jininsu ba, amma da aka sa mai sai ya bayyana. Ashe tsofaffin da suke cewa kwaɗo ba ya kwaɗuwa sai da ƙuli da mai suna kan hanya.

Lemun tsami ma yana da nasa aikin. Bitamin C da ke cikinsa yakan sauƙaƙa wa hanji tsotse sinadarin ƙarfe na ganye, wanda jiki yake gina jini da shi. Zogalen da aka dafa aka tsiyaye ruwansa ya yi asarar bitamin C mai yawa, don haka ɗanyen tumatir da lemun da ake matsawa a kai su ne suke cike gurbin.

Sai dai abin da bai ga wuta ba yana tafe da hatsarinsa. Ganyen da aka yi wa ban ruwa ko aka yayyafa wa gurɓataccen ruwa yakan ɗauko ƙwayoyin taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Jigawa tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna. Ruwan gishirin da aka saba jiƙa latas a ciki ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi duka. Abin dogaro shi ne a wanke hannu da sabulu, a ɗauraye ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwan da aka tafasa ya huce, a fere gurji da karas, kada kuma a yi amfani da wuƙar da ta yanka ɗanyen nama. Gishiri kuwa sai an zo ci ake barbaɗa shi, domin yana janye ruwan tumatir da gurji, kwaɗon ya saki ya yi lagwaɓ-lagwaɓ.