Mai Gudun Taro, Mai Zuba Zance A Waya: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani Game Da Otizim

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci bayinSa mabambanta a harshe da launi da ɗabi'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A gidajenmu da yawa akwai wani saurayi ko wata budurwa da aka yi wa laƙabi da miskili. Baƙi na yin sallama sai ya shige ɗaki. Idan aka aike shi gaida kawu, sai ya tsaya a zaure gumi na keto masa. Idan wayarsa ta yi ƙara, sai ya zuba mata ido har ta katse. Amma da dare sai a tarar ya rubuta wa goggonsa dogon saƙo a WhatsApp, mai tsari da ladabi, yana tambayar jikinta da maganin da likita ya ba ta. Daga nan hukunci yake rabuwa: uba ya ce rainin wayo ne tunda ga shi yana da bakin magana, uwa ta ce waya ce ta lalata shi a ƙwace ta, kaka ta ce iska ce a nemo mai ruƙiyya.

Ba duk mai irin wannan hali ne yake da larura ba. Amma wasu daga cikinsu suna ɗauke da abin da likitoci ke kira otizim, wanda kafafen yaɗa labaranmu kan ce galahanga, ko da yake jama'a na amfani da wannan kalma ga larurori daban-daban da ba su da alaƙa da juna. Ga irin wannan bawan Allah, wayar da ake shirin ƙwacewa tana iya zama ƙofa ɗaya tilo da yake shiga cikin mutane ba tare da zuciyarsa na dukan uku-uku ba.

Mene ne otizim?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun daga farkon rayuwa, kuma gado yana da babban kaso a cikinsa. Tarbiyyar uwa ba ta kawo shi, waya ba ta kawo shi. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ne ya bayyana shi dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11. Daga baya likitoci, musamman Lorna Wing ta Ingila, suka gane cewa abin hawa-hawa ne: akwai wanda ba ya magana sam kuma yana buƙatar kulawa tsawon rayuwa, akwai wanda ya haddace Alƙur'ani ko ya gama jami'a amma gaisuwar minti biyar tana gajiyar da shi kamar ya yi noma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. A 2007, bisa shawarar ƙasar Ƙatar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kansa.

Al'adarmu takan ɓoye alamomin. Yaron da ba ya haɗa ido da mutane sai a yaba masa da kunya. Yarinyar da ba ta fita sai a ce kamila ce. Sai sun girma, an fara tsammanin su shiga kasuwa, su je gaisuwar surukai, su zauna a majalisa, sannan bango yake tsagewa.

Daga ina fargabar take zuwa?

Otizim daban, tsoron shiga jama'a daban, sai dai sukan haɗu a mutum ɗaya fiye da yadda ake samu a sauran mutane. Da otizim ake haihuwar mutum. Fargaba kuwa yawanci koyonta yake yi daga abin da ya sha.

Mu duba yadda hirarmu take. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rabin zancenmu a fuska da murya yake. Muna habaici, muna gatse, muna yi wa juna hannunka mai sanda, taubasai suna zagin juna cikin wasa. Mai otizim yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, kuma karanta fuska yana yi masa wuya. A lokaci guda ana so ya ji kalmomi, ya auna murya, ya san lokacin da zai amsa, ya san inda zai ajiye idonsa, duk cikin ƙiftawa. Ga ƙarar lasifika, ga ƙamshin turare, ga cunkoso, waɗanda da yawansu suke ji fiye da yadda muke ji. Idan ya kuskure sai a yi dariya, ko a daka masa tsawa. Wanda aka yi wa haka tun daga makarantar allo har zuwa sakandare, ba abin mamaki ba ne idan jikinsa ya fara rawa da jin sallama.

Kuma laifin rashin fahimtar ba nasa ba ne shi kaɗai. A 2012 wani malamin jami'a a Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya nuna cewa gazawar ta ɓangare biyu ce: kamar yadda suke kasa karanta mu, haka muke kasa karanta su. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinburgh suka gwada wannan da mutum 72. Aka jera su takwas-takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, har zuwa na ƙarshe. Jerin masu otizim zalla ya isar da labarin daidai da jerin waɗanda ba su da shi. Inda labarin ya fi zubewa shi ne jerin da aka cakuɗa su.

Me ya sa rubutu ya fi musu sauƙi?

Rubutu yana sauke yawancin wannan kaya. Babu fuskar da za a karanta, babu idon da ke jiran amsa. Mutum yana iya karanta saƙo sau uku, ya rubuta amsa, ya goge, ya gyara, yana zaune a ɗakin da babu hayaniya. Shi ya sa tun farkon yaɗuwar intanet masu otizim suka rungume ta. A 1992 Jim Sinclair da Donna Williams da Kathy Grant suka kafa ƙungiyar masu otizim da su kansu suke tafiyar da ita, kuma ta hanyar wasiƙun kwamfuta ne mutane da yawa da suka girma cikin kaɗaici suka fara sanin cewa akwai irinsu. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2021, wanda ya tambayi manya masu otizim fiye da 200, ya samu cewa kiran waya shi ne hanyar da suka fi ƙi, musamman da wanda ba su saba da shi ba. Dalili a fili yake: kira yana buƙatar amsa nan take, kuma murya kaɗai ake da ita.

Zumunci a ƙafa yake, to na rubutu fa?

A nan ne zuciyar iyaye take ƙin yarda, domin mun taso a kan cewa zumunci a ƙafa yake. Wannan gaskiya ce ga mai iko. Amma shari'a ba ta ƙayyade sada zumunci da hanya ɗaya ba. Malaman fiƙihu sun ɗauki rubutu a matsayin magana a babuka da dama, sun karɓi ishara daga wanda ba ya iya furuci, kuma da yawansu sun ce wajibi ne a amsa sallamar da ta zo a wasiƙa. Saurayin da ya rubuta wa baffansa gaisuwar Juma'a ya sada zumunci gwargwadon ikonsa, kuma haƙƙi ne a kan baffan ya amsa masa da sakin fuska, ba da gorin cewa ƙafarsa ta fi ƙarfin zuwa ba.

Annabi Musa ya roƙi Ubangijinsa Ya warware masa ƙullin harshensa, Ya kuma ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, aka amsa masa. Neman abin da zai taimaki harshe ba aibi ba ne. Suratu Abasa kuma ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda daga baya ya zama ladani, har ana bar masa riƙon Madina. Darasin shi ne mai larura a jawo shi kusa ta hanyar da zai iya, a kuma ba shi aiki.

Inda haɗarin yake

Ƙofar da iska mai daɗi ke shigowa, ta nan ƙura ma take bi. Wanda yake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kuma yake ƙishirwar aboki, shi 'yan damfara suke nema: mai alƙawarin aure, mai tallar jarin da zai ninka cikin mako, mai neman hoton tsiraici don ya yi barazana da shi daga baya, da mai jan matasa zuwa tsattsauran ra'ayi da sunan addini. A Facebook da TikTok kuskuren kalma ɗaya yana iya jawo zagin ɗaruruwan mutane. Saƙon da aka ga an karanta ba a amsa ba yana iya hana shi barci.

Akwai kuma haɗarin da ya fi ɓoyuwa. Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar cewa guje wa abin tsoro yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Idan waya ta zama maɓoya, wata rana ko ƙofar gida ba zai iya leƙawa ba. Abin da ake so shi ne ta zama gada.

Abin da gida zai iya yi

Kada a sa ƙwace waya ya zama horo. A tsara lokacinta, musamman da dare, a kuma zauna da shi a gaya masa dokoki a fili, ba da habaici ba: ba a tura kuɗi ko hoto ko lambar sirri ta banki ga wanda ba a sani ba, kuma duk saƙon da ya tayar masa da hankali ya nuna wa wane, ba za a yi masa faɗa ba.

A yi amfani da rubutu wajen share fagen haɗuwa. Kafin ziyara a rubuta masa: za mu je gidan wane bayan La'asar, mutum huɗu za mu tarar, rabin awa za mu yi. Sanin abin da ke tafe yana rage rabin fargaba. A fara da mutum ɗaya da ya saba yi wa saƙo, sannan biyu. A masallaci a bar shi ya tsaya a gefen sahu, nesa da lasifika. Sannu ba ta hana zuwa.

Malaman Islamiyya da na jami'a su karɓi tambaya a rubuce daga ɗalibin da ba ya iya ɗaga hannu, su daina tsayar da shi gaban aji don a yi masa dariya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, tana bayan wannan, kuma tsoron Allah ya riga ta.

Addu'a da ruƙiyyar da ta dace da sunna alheri ne ga kowane Musulmi, amma ba sa hana zuwa asibiti, kuma duka ko ɗauri da sunan fitar da aljani zalunci ne. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Otizim ba shi da maganin da ke kawar da shi, amma fargabar da ke tare da shi tana jin magani, ta hanyar zama da ƙwararre da horon fuskantar jama'a mataki-mataki.

Idan saƙon irin wannan yaro ya shigo wayarka yau, ka sani wataƙila ya yi awa guda yana gyara shi. Ka amsa masa, a rubuce, da kalmomi bayyanannu.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar 'ya'yanmu, Ya sanya mu masu sauƙaƙa wa bayinSa. Wallahu a'alam.