Cijewar Alƙalami Wajen Rubuta Ƙagaggen Labari da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

Sau da yawa mai sha'awar rubuta ƙagaggen labari yakan fara da zafinsa, ya cika shafi talatin ko arba'in, sa'an nan wata rana ya zauna gaban takarda ya rasa ta cewa. Wannan hali shi muka kira cijewar alƙalami. Wani likitan tunani mai suna Edmund Bergler ne ya laƙaba masa suna a Turance cikin 1947, amma cutar ta girmi sunanta. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa cijewar, galibi, alama ce ta wata matsala da ke cikin labarin kansa, wadda marubuci bai warware ba tukuna.

Inda Gizo ke Saƙa

Kowane labari yana tafiya ne a kan abu biyu, wato burin tauraro da cikas ɗin da ke gabansa. Mu ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito sakamakon gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya cikin 1933. Burin Alhaji Imam a fili yake: ya samo ruwan da za a warkar da ɗan Sarki. Cikas kuwa ga nisan tafiya, ga kuma Malam Zurƙe. Duk garin da tauraron ya sauka, an san abin da zai sa ya tashi. Marubucin da ya tsara labarinsa haka da wuya ya rasa abin rubutawa gobe. Wanda kuwa bai san abin da tauraronsa ke nema ba, da zarar ya gama gabatar da mutane da siffanta gari, sai tafiya ta tsaya.

Wannan matsala ba ta bar manyan marubuta ba. Mark Twain na Amurka ya fara littafinsa Huckleberry Finn a 1876, labarin wani yaro da wani bawa da suka gudu ta kogin Misisifi. Jim kaɗan bayan sun wuce mahaɗar kogin Ohayo, wadda ita ce hanyar zuwa jihohin da ba a bauta, sai ya ajiye rubutun. Manazarta da dama suna ganin dalili shi ne ruwa na jan bawan zuwa kudu, cibiyar bautar da yake gudu, marubucin kuma bai sami hujjar ci gaba da tafiyar ba. Ya sake bin kogin da kansa a 1882, ya kammala littafin a 1883, aka buga shi a 1884.

Hanyoyin Magancewa

Na farko, marubuci ya koma babin da alƙalami ya cije, ya tambayi kansa: me tauraro ke so a nan, wa ke hana shi, me kuma zai rasa in ya kasa? Idan amsa ta gagara, to, kuskuren yana baya, sai a koma a gyara tushe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsara jerin babi a ɗan shafi guda kafin a fara yana rage wannan wahala.

Na biyu, a raba lokacin zuba da lokacin gyara. Wanda ke soke kowace jimla tun tawada ba ta bushe ba, ba zai ga ƙarshen shafi ba. A bar rubutun farko ya fito da ƙurarsa, tankaɗe da rairaya sai daga baya.

Na uku, a ƙayyade lokaci. Anthony Trollope na Ingila ma'aikacin gidan waya ne, amma kowace asuba yakan zauna da agogo a gabansa, yana rubuta kalma 250 cikin kowane minti 15 kafin ya tafi aiki. Da haka ya bar ƙagaggun labarai 47. Shi kuwa Ernest Hemingway yakan dakata ne a inda ya san abin da zai biyo baya, don kashegari ya sami bakin zare.

Na huɗu, a ba da labarin da baka. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san mai sauraro ba ya ɓoye gajiya. Inda aboki ya ce, "Sai me ya faru?" nan labarin ke da rai. Inda ya fara hamma, nan ake neman gyara.

Kammalawa

Ajiye rubutu na ɗan lokaci ba laifi ba ne, muddin an san tambayar da ake neman amsarta. Hatsarin shi ne ɗan hutu ya zama shekaru, har kyankyasai su cinye takardun a ƙasan akwati. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai ga wanda ke ɗaga ƙafa. Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai masu labarai a ajiye, su ciro su, su nemi babin da tauraro ya ɓatar da burinsa, daga nan su ɗora.