Kayan Zaƙin Mutanen Kajun a Ranakun Idinsu

A kudancin Amurka, inda kogin Misisipi ya ke faɗawa cikin teku, akwai wata jiha da a ke kira Luwiziyana. A nan ne waɗansu mutane su ke zaune waɗanda a ke ce wa Kajun. Yau za mu ba masu karatu labarin kayan zaƙin da matansu su ke yi a gida in idi ya zo, don kuwa sunayen waɗannan kayan na cikin ɗan abin da ya rage musu na harshen kakanninsu.

Asalinsu Faransawa ne mabiya ɗarikar Katolika. Kakanninsu sun zauna a ƙasar Akadiya, can gabashin Kanada, tun farkon ƙarni na 17. Ƙasar ta faɗa hannun Ingila a 1713, su kuwa suka ƙi yin rantsuwar mubaya'a irin wadda za ta tilasta musu yaƙar 'yan'uwansu Faransawa. A 1755 aka soma kwashe su cikin jiragen ruwa, aka ƙone gidajensu, aka watsa fiye da mutum 10,000 ƙasashe dabam dabam. Daga 1764 waɗansu suka riƙa gangarowa Luwiziyana, a 1785 kuma jirage 7 suka kawo wajen mutum 1,600 daga Faransa. Sunan nan na Akadiya shi ne bakin mutane ya tauna har ya koma Kajun.

Sun baro ƙasar sanyi mai alkama da tuffa, suka sauka ƙasar zafi da fadama, inda alkama ba ta yi. Fulawa sai an saya, saboda haka duk abin da ya ci fulawa da ƙwai da yawa sai a jira ranar idi. Abin da ƙasar ta wadata da shi rake ne, wanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka sha wahalar manyan gonakinsa. Talakan Kajun kuwa ɗan rakensa ya kan matse, ya dafa ruwan a buɗaɗɗen kasko har ya yi kauri kamar zuma, ya sauke kafin ya daskare irin na mazarƙwaila. A garin Abbeville akwai masana'antar Steen's, wadda aka kafa a 1910 bayan sanyi ya ɓata wa mai ita rake tun yana gona, kuma har yau tana dafa wannan ruwa tana zubawa a gwangwani ruwan ɗorawa.

A kan yanke rake daga Oktoba har ƙarshen shekara, watau sabon ruwan rake yana fitowa ne daidai da Kirsimeti. A lokacin an haƙe dankali, an kuma tsince pekan, wani ɗan itace mai ɓawo da maiƙo. Ɓaure tun a Yuli aka dafa shi da sukari aka rufe a kwalabe. Ashe abin da a ke jerawa a teburin idi ajiyar shekara ce guda.

Babbansu shi ne gâteau de sirop, watau kek ɗin ruwan rake. A kan kwaɓa fulawa da ruwan raken da ƙwai da mai, a sa kirfa da citta da kanumfari, a ƙara tafasasshen ruwa da hodar kumburi, a barbaɗa pekan, sa'an nan a gasa. Ya kan fito baƙi-baƙi, da danshi, da ɗan ɗaci-ɗaci a bayan zaƙin, kuma in ya kwana ya fi daɗi.

Amma a ganinmu inda gwanintar uwargida ta ke bayyana shi ne tarte à la bouillie. Bouillie ɗin kunun madara ne: a dafa madara da sukari da ƙwai da ɗan gari, ana motsawa ba ɗaga hannu, don da zarar ya kama ƙasan tukunya ƙauri ya shiga, aiki ya ɓaci. Sai a murza kwaɓin fulawa mai zaƙi, a shimfiɗa a faranti, a zuba kunun, a gitta siraran kwaɓin a kai kamar saƙar tabarma, a sa a tanderu. Kwaɓin nan yana da laushi ƙwarai, ya kan yage a hannun wadda ba ta saba ba. Da shi kuma a ke yin na ɓaure da na dankali. A ƙauyen Catahoula an san Jumma'ar da ke gaban Ista da cin waɗannan, dangi su taru tun da hantsi. Can da kitsen alade su ke kwaɓawa, yanzu galibi da man shanu ko man gwangwani.

Burodin da ya bushe ma ba a zubarwa. A jiƙa shi da madara da ƙwai da sukari, a watsa zabibi, a gasa. Sai dai romon da a ke kwarara masa sau da yawa da giya a ciki, baƙon da ba ya sha ya kamata ya tambaya.

To, ga inda maganar ta shafi malaman makaranta. A 1921 tsarin mulkin Luwiziyana ya ce da Turanci za a yi karatu a makarantun gwamnati. Yaron da aka ji yana Faransanci a kan hore shi, wani a sa shi ya durƙusa a kan ƙwayar masara. Waɗanda suka sha wannan da suka girma suka ƙi koya wa 'ya'yansu harshen, don kada su ma su ji kunya. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da shi, bayan tsara guda ta riga ta tashi ba ta iya ba. Dokar dai ba ta shiga madafi ba. Yau sai ka ga jikan da ba ya iya hira da Faransanci ya zo gidan kakarsa ran Kirsimeti, ya miƙa faranti ya ce a yanka masa gâteau de sirop.