Fanisau: Garin da ake tunawa da shi rana ɗaya a shekara

Bisa al'ada, bayan Babbar Sallah, Sarkin Kano kan hau zuwa Fanisau. Ranar garin kan cika da dawaki da 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya. Da la'asar ta yi sai kowa ya watse, a bar mutanen gari da gine-ginen ƙasar da suka gada, da kuma damina mai zuwa.

Fanisau, wanda wasu ke kira Panisau, yana ƙaramar hukumar Ungogo, 'yan kilomitoci arewa da birnin Kano, kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ne ya mayar da wurin ribaɗi, wato garin tsaro mai ganuwa, lokacin da yake fafatawa da Ɗan Tunku da ya addabi arewacin masarautar. A nan Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iske Dabo a farkon 1824, yana shirin fita yaƙi.

Amma ba dakaru kaɗai suka raya garin ba. An zaunar da bayi da yawa suna noma gandayen sarki da na manyan fada, suna ciyar da birni da dawa da gero. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandayen Fanisau, wanda ya fito a 2011. Wannan ɓangaren ne ba a cika jin sa a bakin maroƙa ranar hawa ba.

Matsalar ginin ƙasa ita ce ba ya jure sakaci. Magina na dā suna ɗora tubali a kan tubali, su yi rufin soro da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Bango kuma a yaɓe shi da makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Saman soro a shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofin rini da gashin jima da dafara. Duk wannan sai an riƙa sabuntawa. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro damina biyu ko uku, azara ta ruɓe, shi ke nan ɗaki ya zauna.

Kuma kayan aikin ma suna ƙaranci. Karofi sun ragu, balle katsi. Giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Yaron da ubansa magini ne yau bulo da siminti yake koya, domin nan kuɗin yake. Ba wanda zai ga laifin magidancin da ya rushe zauren kakansa ya sa kwano: shi ne ke kwana da fargabar ruwan Agusta, ba mai zuwa yawon buɗe ido ba.

Ga kuma birni da ke matsowa. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara da takin gargajiya. Yanzu gonakin Ungogo suna komawa filoti. Inda ƙasa ta yi tsada haka, tsohuwar ganuwa kan zama wurin ɗibar ƙasa ko wurin kafa harsashi. Abin da ya sami badalar birnin Kano ya isa misali, duk da cewa tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007.

To me za a yi? Hanya ɗaya ita ce wadda aka bi a Jos, inda Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya, aka kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Aiki ne mai kyau, sai dai kwafi ne, ba kowa a ciki, kuma shi ma yana jiran kasafin gwamnati kafin a yaɓe shi.

Ɗaya hanyar tana Djenné ta ƙasar Mali. Can mutanen gari ne ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, abin ya zama biki, magina kuma suna da ƙungiyarsu da yara ke koyon sana'a a ciki. A ganina wannan ta fi dacewa da Fanisau, domin gari ne mai rai, ba kufai ba. Kuma yana da abin da wurare da yawa ba su da shi, wato ranar da idon duniya ke kansa. A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Idan masarauta da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ƙaramar hukuma za su haɗa hannu, aikin farko mai sauƙi ne: a ƙirga abin da ya rage, a auna, a ɗauki hoto, a naɗi muryar dattawa. Sannan a biya magina su yi yaɓe kafin kowane hawa, a tallafa wa masu tsofaffin gidaje domin kada gyara ya zame musu hukunci.

Kada kuma lissafin ya tsaya a gidan sarki da masallaci. Rumbu da rijiya da zauren talaka da iyakar tsohon gandu su ma suna ciki. Nan ne za a gamu da magana mai nauyi, domin ba kowane gida ne zai so a nuna shi a ce daga nan bayin gandu suka fito ba. Wannan shawara ta mutanen Fanisau ce, kuma su ya kamata a fara tambaya kafin a kafa allo ko ɗaya.